Kwanon Samira a Gidan Mutumin Rasha

Ni ne wawan labarin nan, gara in faɗa da bakina kafin mutanen gidanmu su riga ni, don su in suka tashi faɗa sai sun ƙara masa gishiri da yaji. Sai dai wauta iri biyu ce. Akwai wadda mutum ke yi ya shige ɗaki ya turo ƙofa, akwai kuma wadda in ya gama yake gyara zama ya ce a miƙo masa shayi. Tawa ta biyun ce. Har gobe ban ce na yi kuskure ba, wauta na ce na yi, kuma duk wanda bai san bambancinsu ba yaro ne.

Ido ne ya kai ni Kuala Lumpur. Yana ce ta rufe mini na hagu, sai ɗana na fari, wanda gwamnati ta tura can karatun da ake zama dakta ba tare da an taɓa yi wa kowa allura ba, ya ce in zo a kankare. Aka kankare, na ga duniya tas, likita ya ce in ɗan zauna yana dubawa. Shi ke nan na zama ɗan zaman ɗaki a wani dogon bene a Setapak, can sama inda ko tsuntsu sai ya huta a hanya. Mu huɗu da rabi ne a gidan: ni, da ɗan nawa, da matarsa, da 'yarsu mai shekara tara, da jariri. Yarinyar sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini Kaka in tana son wani abu, Tsoho in ba ta son komai. A can ta yi wayo. Hausarta kamar shinkafa da wake take, rabi Hausa rabi Turanci, a barbaɗa yaren mutanen ƙasar a sama, kuma duk maganar da ta yi sai ta ɗaura mata "lah" a wutsiya.

Surukata kuwa 'yar mutunci ce irin ta da. Ban da gaisuwar safe da "an gama abinci, Baba", ba ta haɗa ido da ni, balle doguwar magana. In tana da saƙo sai ta faɗa wa Inna, ko da kuwa ina zaune a wurin, Inna ta juyo ta maimaita mini kamar daga wani gari aka aiko.

Tun ran da na sauka ɗana ya karanta mini dokokin zaman bene.

"Baba, nan ba a buga wa maƙwabci ƙofa. Ba a doguwar gaisuwa a cikin lif. Kowa harkar gabansa yake yi."

Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa likita in ya hana mutum cin goro.

Da aka yi hutun makaranta sai Inna ta tasa ubanta a gaba da maganar wani fim na yara, wai duk 'yan ajinsu sun gani sai ita. Uban ya ce zai kai ta, ta ce sai da Kaka, tunda an gyara masa ido a gwada a ga ko yana aiki. Na ce ni da furfurata in shiga silima? Rabona da silima tun ina saurayi, zamanin da ba ta da rufi, a kan benci ake zama, kuma in mahaifinka ya ji ka je to a zaure za ka kwana. Na ƙi, na ƙi, na kuma ƙi, sannan na sa takalmi.

Muka hau jirgin nan mai tafiya a sama a kan sanda ɗaya, muka sauka a Bukit Bintang, muka shiga wani kanti mai hawa-hawa da matakalarsa ke tafiya da kanta. Ɗakin kallon sanyi ne da shi kamar inda ake ajiye kifi. Aka ɗora mini kwalin gugguru a cinya, aka kashe fitila. Ba a gama rubuce-rubucen farko ba ɗan nawa dakta ya fara munshari.

Fim ɗin da yaren ƙasar aka yi shi, ana rubuta Turanci a ƙasa. Ni karatuna a aji huɗu na elementare ya tsaya, sauran a bakin rediyo na ƙarasa shi, saboda haka kafin in haɗa harafi uku rubutun ya gudu. Amma ban sha wahala ba. Wasu yara ne a wani ƙauyen masunta suka tsinci wani ƙaton mutum mai jan gemu a bakin teku, jirgin ruwansu ya tafi ya bar shi. Mutumin Rasha ne, ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Suka ɓoye shi a rumfar da ake busar da kifi, suna satar masa shinkafa daga tukwanen iyayensu. Ya ɗebi miyar barkono da babban cokali, ya zabura ya faɗa teku har da takalmi. Suka ɗaura masa zane da mayafi suka ratsa kasuwa da shi wai kakarsu ce, wani tsoho mai sayar da kwakwa ya bi shi yana fara'a. A nan kam na yi dariya har idon da aka gyara ya kawo ruwa, na tsorata kada ɗinkin ya warware. Daga ƙarshe jirgin ya dawo, mutumin ya yi musu wata rawa a tsugune yana harbin iska da ƙafa, yara suka yi ta kuka, Inna ma ta yi, ta ce sanyi ne.

Da muka fito muka zauna a wani shagon mamak, wato Indiyawan Musulmi masu shayi da burodin da ake wurgawa sama kafin a gasa. A nan na ba da hukuncina, don ni a kan Rashawa ba a yi mini musu. Shekara da shekaru na tuƙa tarakta ƙirar ƙasarsu a ma'aikatar gona, wadda ba ta tashi da safe sai an lallashe ta, in ta tashi kuma ba ta san gajiya ba. Wanda ya zauna da taraktar mutane ya san halinsu.

Na ce, "Fim ya yi kyau, amma garin nan ba shi da manya. Baƙo ya sauka a gari, a rasa dattijo ɗaya da zai ce a kai masa ruwa, a shimfiɗa masa tabarma? Sai yara su dinga sata suna ciyar da shi a cikin warin kifi? A wurinmu ko mahaukaci ne ya kwana a ƙofar gidanka sai an fito masa da kwano."

Inna ta zuƙi shayinta ta ce, "Kaka, fim ne lah. A gaske ba wanda yake yi."

"Mu muna yi."

"Ƙarya kake, Tsoho. Akwai ɗan Rasha a layinmu, ƙofar ƙarshe, bai daɗe da zuwa ba. Shi kaɗai yake wuni. Me ka kai masa?"

Na san mutumin da take nufi. Wani dogon tsoho mai farin gashi da gajeren wando, muna haɗuwa a lif yana kallon takalminsa. Na ɗauka Bature ne irin na ko'ina.

Ɗana, wanda sai yanzu barci ya sake shi, ya ce, "Baba, don Allah."

Na ce, "Kai ka yi barci a makarantar yau, ba ka da ta cewa."

Washegari na sa aka tuƙa tuwon shinkafa, aka kaɗa miyar kuka da kukar da na zo da ita daga gida, aka sa man shanu. Surukata ta fito da tuwon a cikin farar robar nan ta tapau, wadda ake ƙunso abinci a ciki daga shago a ci a yar. Na ce wa Inna ta gaya wa uwarta ba a ba baƙo abinci a abin da za a jefa a shara, sai ka ce an sallami mai bara. Na ɗaga kai, sai na hango wani kwanon samira a saman kabad ɗin kicin, babba, mai murfi, da jajayen furanni, an naɗe shi da tsohon ɗankwali. Idon da aka gyara ne ya jawo, da can ba zan hango shi ba. Na nuna shi da sanda na ce wancan.

Surukata ta tsaya kamar an dasa ta. Ta dubi kwanon, ta dubi ƙasa, ta ce, "To, Baba." Ta taka kujera ta sauko da shi.

Ni na riƙe kwanon, Inna ta buga ƙofa. Mutumin ya buɗe, ya cika ƙofar har sama. Na yi masa sallama, na yi masa sannu da zuwa, na tambayi gajiyar hanya, na tambayi mutanen da ya baro a gida da yadda ya same mu da zafin garin, na gaya masa mu ne maƙwabtansa, in yana da wata buƙata ko da tsakar dare ne ya bugo. Inna ta juya duk wannan da kalma ɗaya tak ta Turanci.

Na ce, "Ke, ina sauran?"

"Duk ɗaya ne lah."

Ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya ɗaga murfin, ya ga koren abu mai yauƙi, fuskarsa ba ta motsa ba. Ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya faɗi wata magana mai kauri, ya rufe ƙofa. Na dawo ina tafe kamar wanda ya ƙulla sulhu tsakanin ƙasashe biyu.

Da yamma ɗana ya dawo daga makaranta ya ga saman kabad wayam, ya zo ya zauna kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, kwanon nan na mahaifiyarta ne, Allah ya jiƙanta. A cinyarta ta riƙo shi a jirgi tun daga Kano. Ba ta zuba komai a ciki sai tuwon Sallah, kamar yadda marigayiyar ke yi."

Na ce, "To sai me? Kwano ai dawowa yake yi. Gobe da safe za ka gan shi a wanke."

Haka na sani tun ina yaro. Ka kai wa maƙwabci abinci, ya ci, ya wanke, ya aiko yaro da kwano, wani lokaci da ɗan goro ko sabulu a ciki, wani lokaci da godiya kawai. Ba a riƙe shi, ba a kuma tambayarsa. Wanda ya aika a karɓo masa kwano ya zubar da ladan tuwon, ya kuma gaya wa maƙwabcinsa cewa ɓarawo ne.

Gobe ta zo, kwano bai zo ba. Jibi ma haka. Mako ya juyo. Surukata ta ci gaba da harkokinta. Abinci bai canja ba, gaisuwa ba ta ragu ba. Sai dai kullum da safe ina ganinta ta taka kujera tana goge saman kabad ɗin, wurin da babu komai a kai. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ɗana ya ce, "Baba, bari in je in yi masa bayani cikin ladabi."

"Ka je ka ce wa baƙo ba mu kwanonmu? Kana ɗana? Sai dai in na koma gida, ko kuma ƙasa ta rufe idona."

"To ya za a yi?"

"Koya masa za a yi. Mutum ne mai hankali, mantuwa ya yi. In ya ga kwano na biyu zai tuna da na farko."

Wannan dabara tawa ce ni kaɗai, ba na so a raba ladanta da kowa. Na sa aka yi dambun shinkafa da zogale aka zuba a wani ƙaramin kwano, muka kai. Ya karɓa da hannu biyu, ya dafa ƙirji, ya rufe ƙofa. Shi ma ya bi ɗan'uwansa. Na ce ciwo mai tsanani ba ya jin allura ɗaya, na sa aka yi farfesun kaza aka zuba a babbar kula, wadda ake ajiye wa maigidan abinci in ya yi yamma a makaranta. Ita ma ta shiga ba ta fito ba. Dakta ya koma cin tuwo mai sanyi a faranti, yana kallona ina kallon talabijin.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, mutumin ba gudu na yake ba. Da ya hango ni a lif sai fuskarsa ta washe, ya damƙi hannuna har ƙasusuwa su yi ƙara, ya shafa ciki ya ɗaga babban yatsa. A hankali muka fara zama tare da hantsi a kan benci a ƙasan bene, kusa da kedai, wato ɗan kantin da ake sayen burodi da madara. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, amma ba mu taɓa rasa abin faɗa ba. Ya nuna mini hoton wani gida da ƙanƙara ta binne har taga, na nuna masa hoton gonata da dawa ta fi ni tsawo. Ya kwaikwayi sanyi, na kwaikwayi zafi. Na zana masa tarakta a iska na yi kukanta da baki, sai ga shi ya miƙe tsaye yana buga ƙirji, ashe injiniya ne kafin ya yi ritaya. Na koya masa dara da murafun kwalba, ya cinye ni a zama na biyu, na ce ai dokar ta canja. Inna ce ta binciko mini sauran: matarsa ta rasu, 'yarsa da ke aiki a wani otal ta ɗauko shi, tana fita da sassafe ba ta dawowa sai ya gaji da jira.

Sau da yawa maganar kwanon ta zo mini har leɓe. In dube shi yana jera murafun kwalba yana dariya shi kaɗai, sai in haɗiye. Wannan mutumin zan ce wa ɓarawo?

Ana nan sai Babbar Sallah ta matso. Matan ɗalibai 'yan gida suka fara waya suna tsara wa zai kawo me, wa zai soya nama. Wata rana da azahar na tashi alwala, sai na ji surukata a kicin tana waya da yayarta. Ba laɓe na yi ba, gidan ne ƙarami. Na ji ta ce, "Bana dai a roba zan zuba, Yaya." Daga nan muryarta ta karye, ta kunna famfo don kada a ji.

Na koma na zauna a bakin gado da alwalata. Tambaya dai ba zan yi ba, wannan na riga na rantse. Amma ai akwai ziyara. Mutum ya je gidan abokinsa, idonsa ya faɗa kan wani kwano, ya yabe shi, ya sake yabonsa, ya ce kai wannan ya yi kama da wani da muke da shi, mai hankali ya gane. Na kira Inna na ce ta shirya za ta yi mini tafinta, kuma wannan karon duk kalmar da na faɗa ta juya ta yadda take, ba ragi.

"Boleh," in ji ta, wato an gama.

Ya yi murna da ganinmu, ya ja mu ciki. Tun daga ƙofa wani wari ya tare ni, tsami-tsami kamar gasarar da aka manta a bayan randa. Ya zaunar da ni, ya tafi dafa shayi. Na miƙa wuya na leƙa kicin. Ga su nan a jere a kan tebur su uku, kamar fursunoni. Kwanon samira a tsakiya, an cire masa murfi, an kifa faranti a cikinsa, an danne da wani ƙaton dutse, wani ruwa mai kumfa yana tasowa ta gefe. Kwanon da ake naɗewa da ɗankwali, kwanon da ya hau jirgi a cinya, shi ne aka aza wa dutse a ka.

Na danne zuciyata. Da ya kawo shayi na gyara murya na fara. Na ce masha Allah, gida ya yi kyau. Na ce kicin ma ya yi kyau. Na ce wancan kwano mai furanni kuwa aikin da ne, yanzu ba a yin irinsa, duk gidan da aka ga irinsa to akwai tarihi, kuma abin mamaki a gidanmu ma akwai wani wuri a saman kabad da irinsa ke zama daidai kamar an auna. Na dubi Inna na ce bismilla.

Ta dube shi ido cikin ido ta yi wata 'yar gajeriyar magana. Turancina na aji huɗu ne, amma na san kalmar uwa, kuma sau biyu na ji ta, na ji kalmar kuka a ƙarshe.

Na ce, "Inna, me kika ce masa?"

"Na ce Mama tana son kwanonta, na mamarta ne da ta rasu, tana kuka."

"Kin kashe ni! Haka na ce?"

"Haka kake nufi lah. Naka ya yi tsawo."

Na so ƙasa ta tsage, sai dai a hawa na sama muke, ko ta tsage gidan wani zan faɗa. Mutumin kuwa ya yi ja tun daga wuya har kunne. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, ya dafe kai da hannu biyu, sannan ya ɓarke da magana da guntun Turancinsa yana nuna kicin. Inna na saurare, tun tana murmushi har ta kwanta a kujera tana dariya.

"Ke, faɗa mini!"

"Kaka, wai a garinsu abin kunya ne a mayar da kwano ba komai a ciki. Babarsa ta hana shi tun yana yaro. Shi kuma bai iya girki ba, kuma yana tsoron ya ba mu abin da Musulmi ba sa ci. Abu ɗaya ya iya, kabeji da gishiri, ba nama ba giya, amma sai ya daɗe a danne kafin ya yi. Na farko zafin garin nan ya lalata shi ya zubar, na biyu ma haka. Wai duk lokacin da ya kusa gamawa sai ka kawo wani kwanon, sai ya sake sabon lissafi. Wai har tsoron jin bugun ƙofa yake yi."

Na ajiye kofin shayin a hankali. Na miƙe tsaye na kama hannunsa, wannan karon ni na matse. Na ce wa Inna, "Kin gani? Na gaya muku ɗan mutunci ne. Mutumin da uwarsa ta yi masa tarbiyya ke nan. Da na biye wa ubanki da mun ci mutuncin bawan Allah a banza."

"Amma ai ni na tambaya, Tsoho."

"Ke yarinya ce, ba a rubuta miki."

Bai bari mun ɗauka ba. Ya ce mu je, yana zuwa. Can da la'asar sai ga bugun ƙofa, karo na farko da wani maƙwabci ya buga ƙofar gidan nan tun zuwansu. Ya sa dogon wando da kwat a cikin wannan zafi, ya taje gashi, ya rungumo kwanuka uku. Ya wuce ni, ya wuce dakta, ya tsaya a ƙofar kicin ya miƙa wa surukata kwanon samira da hannu biyu, ya sunkuya har gashinsa ya zubo, ya faɗi wata magana a hankali da yarensu. Ba wanda ya nemi a juya. Ta karɓa ta rungume shi a ƙirji, da warinsa da komai, ta shige ciki.

Saura ci. Aka zubo mini kabejin a faranti, da kokwamba mai tafarnuwa da ya jiƙa a cikin kular dakta. Mutumin ya zauna a gabana ya zuba mini ido, kamar yadda na tabbata babu wanda ya zuba masa ran da ya haɗu da miyar kuka. Na yi bismilla na kai loma. Jama'a, kamar tsamiya ce ta yi faɗa da daddawa aka rasa mai rabo. Kunnuwana suka yi ƙara, idon hagu ya kawo ruwa, na dama ya taya shi. Ɗana ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na haɗiye, na shafa ciki, na ɗaga babban yatsa, na ce a ƙaro. Aka ƙaro. Na cinye tas, don ba za a ce a Rasha wani dattijo daga Kano ya gudu daga kabeji ba.

Surukata ta wanke kwanon nan da sabulu, ta wanke da lemon tsami, ta shanya shi a baranda, ta sake wankewa. Ran Sallah aka zuba tuwo a ciki kamar kowace shekara. In an bi gaskiya akwai ɗan abin da hanci ke tsinta in an ɗaga murfi, amma ba wanda ya ambata. Abokina ya zo cin tuwon da kwat ɗinsa, Inna ta lallaɓe shi ya yi mata rawar tsugunen nan ta cikin fim, ya sauka lafiya, tashi ya gagara, sai da ni da dakta muka kama shi ta hammata.

Bayan ya tafi muna zaune ana shan shayi, na ga lokaci ya yi da zan ja hankalin 'yan baya. Na ce su duba su gani, fim ya ce yara ne ke karɓar baƙo, ni na nuna aikin manya ne. Na ce dokar bene ta faɗi, kuma ni na kayar da ita. Na ce af, na ma tuna, jiya na ga ana shigar da kaya gidan da ke kallon lif, wasu mutane ne gajeru masu fara'a, da gani daga nesa suka zo. Gobe in Allah ya kai mu a tuƙa tuwo.

Surukata tana tsaye a kan kujera, ta gama naɗe kwanon da ɗankwali tana tura shi can ƙuryar kabad. Ba ta juyo ba. Da muryarta mai sanyi, irin wadda take gaishe ni da ita da safe, ta ce:

"Inna, ki gaya wa Baba tuwo ba matsala. Ya ba ki hularsa a zuba a ciki."